Ganin Jika a Tsibirin da Ƙasa ke Motsi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A Islamiyyarmu ta matan aure a unguwar Gwadabawa nan Yola, a gidan biki, har a cikin keke in na haɗu da wadda ta san ni, maganar ɗaya ce: wai da gaske ne ƙasa na rawa a garin su Bukar? Ranar nan maƙwabciyata Adda Dija ta ce, "Malama, ke da kika yi shekaru kina riƙe da alli, ki rubuta mana, ki huta da maimaitawa." To ga shi na zauna.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Falmata, mutuniyar Bama ce ni, malamar firamare kafin tashin hankali ya kore mu. An kashe maigidana a ƙofar gida. Ɗana na fari, wanda bisa al'ada ban taɓa kiran sunansa ba, ya fita nemo mana mota, bai dawo ba har yau. Ni da autana Bukar muka bi daji, muka ratsa ta Kamaru muka faɗo Mubi, da Mubi ma ta rikice muka ƙaraso Yola. Mijin Adda Dija ne ya ba mu ɗaki. Na kama haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa, da haka Bukar ya gama jami'a. Ina cikin kasuwar Jimeta ranar da bam ya tashi, layi biyu ne tsakanina da wurin. Tun daga lokacin, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in zabura in nemi maɓoya.

Bukar ya samu tallafin ƙaro karatu kan kiwon kifi a wani gari da ake kira Padang, a tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya. Shekara biyu aka ce, ta zama shida. Ya samu aiki, ya ga yarinya mai suna Rahmi, na ba da izini ta waya. Da suka haifi mace suka sa mata sunana. Ana cikin murna sai Adda Dija ta shigo da wayarta, ta nuna min hoton gidaje sun kwanta kamar an taka kwali. Ba garinsu ba ne, amma tsibirinsu ne. Ranar na yanke shawara. Kowa na ce masa ganin jika zan je, amma a raina tafiyar ɗauko su ce. Mutum ɗaya ya rage min a duniya, ba zan bar shi a inda ƙasa ke cin mutane ba.

Daga tashar Jambutu muka tashi bayan sallar asuba. Numan, Gombe, Bauchi, Jos, duk shingen da muka zo sai direba ya rage kiɗa ya yi fara'a. Matar da ke kusa da ni, 'yar kasuwar busasshen kifi, da ta ji inda za ni sai ta ce, "Indiya? Ki gaishe min da su." Na ce Indunusiya. Ta ce, "To, duk ki gaishe su." A Abuja na sauka gidan 'yar goggona a Karu, na yi kwana tara ina jiran biza.

A filin jirgi na yi kuskuren farko. Kwalabe uku na humra da na haɗa wa surukaina, wadda na jiƙa wata biyu, na sa su a jakar hannu don kada su fashe. Jami'ar da ke bincike ta ce ruwa mai yawa haka ba ya shiga jirgi, babban akwatina kuma ya riga ya wuce. Na roƙe ta, ta ce doka ce. Na ce to ba za a jefa wahalata a kwandon shara ba. Na buɗe kwalba na bi layi, duk macen da na gani sai na shafa mata a wuya da hannu. Har wata Baturiya ta miƙo nata hannun. Ita jami'ar ma da ta ga ba wanda ke kallo sai ta turo wuyan hannunta. Jirginmu dai ranar ƙamshin amaren Borno ya yi har ƙasar Larabawa.

A can, inda za mu canja jirgi, na ɓace. Fili ne kamar gari guda, ko'ina gilashi, ko'ina iri ɗaya. Na zauna a kan kujera ina riƙe da takardata, sai wata 'yar gajeruwar mata mai farin hijabi ta leƙa takardar, ta yi min magana da Larabci. Sunanta Siti, 'yar Indunusiya ce da ta yi shekaru tana aikin gida a can, za ta koma. Ni kuma ina da ɗan Larabcin Shuwa da na tsinta a kasuwar Bama wajen masu nono. Da na amsa mata sai ta fashe da dariya, ta ce ina magana kamar kakar uwar ɗakinta. Ta riƙe hannuna har cikin jirgi.

Ita ce ta cece ni a Jakarta. Jami'in shige da fice ya daɗe yana juya fasfona yana tambaya, wa na zo gani, yaushe zan koma. Na nuna masa hoton jaririya, ya yi murmushi ya buga hatimi. Masu duba kaya kuwa da suka buɗe akwati sai warin daddawa ya buge su. Ɗaya ya ja da baya, ya kira abokinsa, suka tsaya suna juya ƙullin kuka da icen turare kamar sun kama babban laifi. Siti ta yi ta yi musu bayani da yarensu, ta ce kayan miya ne, su ma ai suna da wani abu da suke yi da ƙananan jatan lande wanda warinsa ya fi wannan. Suka yi dariya suka mayar. Kilishi kawai suka riƙe, wai nama ba ya shiga. Muka rungumi juna da Siti, ta nufi nata tsibirin. Ban karɓi lambarta ba, har yau ina jin haushin kaina.

Bukar na jirana a Padang. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, da ya durƙusa gaishe ni sai na ga ƙeyar mahaifinsa sak. Ban yi kuka ba sai da muka shiga mota. A hanya na ga teku a karon farko, ni da babban ruwan da na sani shi ne Binuwai in ta cika. Na kuma lura da wasu alluna a bakin titi, an zana mutum yana gudu, ruwa ya taso a bayansa, ga kibiya tana nuna hanya.

Na ce, "Bukar, wannan fa?"

Ya ce, "Mama, kin gaji. Kin ci abinci a jirgi kuwa?"

Gidan da muka sauka ba na Bukar ba ne, na mahaifiyar Rahmi ne, wadda kowa ke kira Amak, wato uwa a yarensu. A nan na ga abin da ya fi teku ba ni mamaki. A wurin mutanen nan gida da gona na mata ne, uwa ke bar wa 'yarta, miji shi ke tarewa a gidan matarsa. Na dubi Bukar na ce, "Wato kai aka yi wa rakiya da kayan ɗaki?" Ya sunkuyar da kai yana dariya. Mai faɗa a ji a dangi kuma kawu ne, ɗan'uwan uwa. Nasu sunansa Zul, tsohon malamin sakandare ne, yana jin Turanci. Ni ma na bi sahu ina ce masa Kawu Zul.

Rahmi ta kama hannuna ta sumbata ta ɗora a goshinta, haka suke gaida manya. Amak kuwa, 'yar siririya mai saurin tafiya, ba ta jin Turanci, ni ba na jin nata. Ta miƙo min takwarata kawai, ta tsaya tana kallon fuskata. Yarinyar ta ɗauko hasken uwarta da hancinmu.

Gidan kashi biyu ne. Gaba tsohon gini ne na katako, an ɗaga shi a kan ginshiƙai, kowane ginshiƙi yana zaune a kan faffaɗan dutse ba tare da an binne shi ba. Baya kuma sabon gini ne na bulo, mai tayil da fanka, nan aka sauke ni don girmamawa. Na ga an ɗaure kabad da waya a jikin bango. Na ga jaka rataye a bakin ƙofa ba mai taɓa ta. Takalma duk an jera su suna kallon waje, babur ma kullum kansa na kallon ƙofar fita. Na ɗauka tsafta ce da son tsari.

Abinci shinkafa ce safe, rana, dare, a jera ƙananan kwanoni kamar goma a tabarma, a ci da hannu kamar mu. Akwai naman da suke dafawa da ruwan kwakwa har ya yi baƙi, wannan kam ko a Maiduguri aka kai shi zai yi kasuwa. Yaji kuwa sun fi mu ci. Da na yi musu tuwon shinkafa da miyar kuka, Amak ta ɗebo ta ga miyar na bin hannunta, ta dube ni, ta rufe ido ta haɗiye don kara. Kawu Zul kuwa ƙari ya nema. Suka rama da wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, wanda warinsa kamar ruɓaɓɓiyar albasa da aka zuba wa sukari. Ni ma na rufe ido na haɗiye.

Ranar da na cika kwana goma sha biyu, da hantsi, Bukar ya tafi wurin kifayensa. Ina ɗakina da jaririya a hannu, Rahmi na wanka, Amak na madafa. Sai na ji wata ƙara daga ƙasa kamar babbar mota na tahowa, gilashin taga ya kama kaɗawa, tayil ya zame a ƙarƙashin ƙafata. Wallahi girgizar ƙasa ba ta zo min a rai ba ko kaɗan. Abin da zuciyata ta ce shi ne, sun zo.

Na danna wa ƙofa sakata, na shige ƙarƙashin gado da yarinyar. Ta fara kuka, na sa gefen mayafina a bakinta kada a ji mu. Sai aka fara dukan ƙofa. Duk bugu ɗaya sai na ƙara matse ta. Ina jin muryar Rahmi tana ihu, "Mama, ki buɗe!" amma a kunnena ba Rahmi ba ce. Ban san tsawon lokacin ba. Can dukan ya tsaya. Sai na ji wata murya a hankali, daga ƙasan ƙofa, kamar mai maganar ta kwanta ne a ƙasa.

"Falmata. Falmata. La'ilaha illallah. Falmata."

Amak ce. Ba ta da wata kalma da zan gane sai wannan, ita ta yi ta maimaitawa. Na janye mayafin, yarinyar ta ja numfashi ta tsala kuka. Na rarrafo na zare sakata. Ƙasa ta daɗe da tsayawa. Bango ya tsage daga kan taga har rufi, wani ɓallin siminti ya faɗo a kan matashina. Rahmi, da kumfar sabulu a gashinta, ta karɓi 'yarta ta duba ta sama da ƙasa. A waje maƙwabta na tsaye suna duba waya. Da sanarwa ta zo cewa ruwa ba zai taso ba, wata mai suyar ayaba a bakin titi ta koma kan kaskonta.

Ban ci abincin rana ba. Na zauna a bakin gado ina kallon hannuna. Bayan la'asar Kawu Zul ya yi sallama, ya ce in fito baranda, yana da darasi. Ya shimfiɗa tabarmi biyu baki da baki, ya ɗora kofin shayi a kan ɗaya.

Ya ce, "Malama, ke ma kin koyar, kin san yaro ya fi tsoron abin da ba a yi masa bayani ba. Ƙasar nan da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce. Ɓawonta a farfashe yake, manyan faifai ne, kuma suna tafiya a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Wannan tabarmar mu ce, Sumatra. Wannan kuma ƙasan teku ce, can yamma da mu. Tana turowa tana shigewa ƙarƙashinmu."

Ya fara tura ɗaya ƙarƙashin ɗayar. Bakinsu ya sarƙe, ta saman ta fara lanƙwasa tana tattarewa. Ya ci gaba da turawa. Can sai ta kuɓuce fat, kofin ya yi tsalle, shayi ya zube.

"Kin gani? Shekaru suna sarƙe, ƙarfi na taruwa, rana ɗaya su saki. In a ƙasan teku abin ya faru, ƙasan ta ɗaga, sai ta ɗaga ruwan da ke kanta, ya taho gari. Shi ne hoton da kika gani a titi. Sannan akwai wata tsaga a tudu, ta bi duwatsun can tun daga kan tsibirin har ƙarshensa. Ta yau daga nan ta zo. Mu a tsakanin biyu muke zaune. Duwatsun da ke aman wuta ma daga wannan turereniyar suke, tokarsu ce ta sa ko sanda ka soka a nan sai ta yi ganye."

Na ce, "Mu me ya sa ba ma ji?"

"Ku a tsakiyar tabarma kuke, nesa da baki. Ba wai ba ta motsi sam ba, Bukar ya ce har a Abuja an taɓa jin 'yar kaɗan. Amma ba kamar mu ba."

"To masu ilimin ba za su faɗi ranar ba, mutane su fita?"

Ya girgiza kai. "Sun san wurin, sun san za ta zo. Ranar kam Allah kaɗai ya sani. Abin da ya bar mana shi ne shiri. Yawanci ba girgizar ke kisa ba, gini ne, bulo mai nauyi da aka ɗora ba isasshen rodi. Gidan katakon nan na kakarmu ne, rawa yake yi a kan duwatsunsa ya koma ya zauna." Sannan ya ce, "Shiga ƙarƙashin gado da kika yi daidai ne, ya kare ku daga simintin nan. Sakatar ce kuskure. Bango in ya karkace ƙofa ba ta buɗuwa. Kuma in girgiza ta yi ƙarfi ko ta daɗe, ba a jiran sanarwa, tudu ake nufa nan take."

Na ce, "A garinmu in ka ji ƙara, rufe ƙofa ake yi."

Ya ce, "Bukar ya gaya min. Ba wanda ya ga laifinki a gidan nan."

Da Bukar ya dawo na kira shi ɗaki, na nuna masa tsagar bangon. Na ce ya haɗa kayansa da matarsa da 'yarsa mu koma Yola, kifi ai akwai shi a Binuwai. Ya ce Rahmi ita kaɗai ta rage wa Amak, gidan nata ne, bayanta kuma na takwarata. Na ce ba zan bar jinina ya gaji gida a bakin rami ba. Murya ta fara tashi. Sai ya ce, "Mama, a Bama ƙasa ba ta taɓa motsi ba."

Ya faɗa ya yi nadama, na gani a idonsa. Ya durƙusa ya riƙe ƙafata. Ya ce, "Ki yafe min. Amma Mama, shekarun da muka yi a Gwadabawa ban taɓa barci na kai asuba ba. A nan na fara. Abin da ke nan ba mutum ba ne, bai tsane ni ba, ba ya bi gida gida yana nemana. Ina jin tsoronsa, amma tsoron daban ne."

Na ce, "Wanda gini ya danne da wanda aka harba, duk uwarsu kuka ɗaya take yi."

Kwana uku daga gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da Bukar. Rahmi na kawo min abinci da ladabi, amma na lura ba ta ƙara barin yarinyar a ɗakina ba. Ban ga laifinta ba, sai dai abin ya ci ni.

Ranar Juma'a da safe Amak ta shigo ta miƙo min mayafina, ta yi alamar in biyo ta. Rahmi ta biyo mu da jaririya don ta yi mana tafinta. Maƙabarta muka je, a gefen wani tudu. A wurinsu mata na ziyarar kabari, kuma suna rubuta suna a kai, har da zuba furanni. Na tsaya daga baki ina jin nauyi, Amak ta ja hannuna. Ta tsuguna gaban wani kabari tana cire ciyawa, tana magana, Rahmi na juya min.

'Yarta ce ta fari, Yanti. Shekarar da aka yi babbar girgiza a garin, tana ajin ƙarshe na sakandare, ta tafi darasin yamma a wani bene. Benen ya zauna a kansu. Kwana uku Amak na tsaye a wurin ana tono, da takalminta aka gane ta. Mahaifinsu bai ƙara lafiya ba, shekara biyu ya bi ta.

Na ce wa Rahmi, "Tambaye ta, me ya sa ba ta bar garin ba?"

Amak ta ce ta bari. Ta tafi wurin dangi a Jakarta, ta yi wata huɗu. Can ƙasa ba ta cika motsi ba, amma kullum da safe sai ta rasa inda za ta je. Ta dawo. Ta ce ba jarumta ba ce, har yanzu duk girgizar da aka yi sai ta yi amai bayanta, a ɓoye. Rahmi ta tsaya da fassara ta dubi uwarta, ashe ita ma ba ta sani ba.

Sai Amak ta juyo ta dafa gwiwata ta yi tambaya. Rahmi, da yake ta san al'adarmu, ta ce a hankali, "Mama, wai tana so ta san sunan yayan Bukar. Ta ce in ta zo nan tana yi wa Yanti addu'a za ta riƙa haɗawa da shi, tunda shi ba shi da kabarin da za a je."

Shekara talatin da wani abu ban taɓa furta sunan nan ba. Yana raye kunya ta hana ni, da ya ɓace kuma na ji in na kira shi kamar na yarda ya tafi. Na buɗe baki ya ƙi fita. Amak ta jira, ba ta ɗauke hannunta ba. Sai na faɗa. A nan ba zan rubuta shi ba. Ta maimaita, ba ta faɗe shi daidai ba, na gyara mata, ta sake, na sake gyarawa. Sau uku ina kiran sunan ɗana a maƙabartar wata ƙasa. Daga nan kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba ko a dajin Kamaru. Da za mu tashi, Rahmi ta ɗora min yarinyar a kafaɗa, ni na riƙo ta har gida.

Washegari aka mayar da kayana ɗakin katako, kusa da na Amak. Kullum bayan karin kumallo sai ta ja ni mu bi hanyar da kibiyoyin nan ke nunawa, mu haye gada, mu kai wani dogon gini da aka yi musamman don a hau in ruwa ya taso. Ta nuna min abin da ke cikin jakar bakin ƙofa: ruwa, tocila, magani, takardun gida a leda. Kawu Zul ya ƙara min da cewa in na ga teku ta ja baya, kifi na tsalle a yashi, kada in tsaya kallo.

Ni ma na koya musu abu ɗaya. Su a gaba suke rataya jariri da gyale, hannu ɗaya na tallafe da shi. Da wuyan yarinyar ya yi ƙwari na goya ta da zani na ɗaure da majanyi, na nuna wa Amak hannuwana biyu a sake. Ta zagaya ni sau biyu tana dubawa, ta ja ɗaurin ta ji ƙarfinsa, ta ce in kwance in koya mata. Ta gane amfaninsa kafin in faɗa. Kafin in taho matan layin uku sun iya goyo.

An sake yin wata girgizar saura mako guda in tafi, 'yar ƙarama, kofuna kawai suka yi ƙara. Kafin ta tsaya ina bakin titi, goyo a baya, jaka a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Na waiga ban ga kowa ba. Mai suyar ayaba ta dube ni ta kama dariya har da riƙe ciki, Amak ta leƙo ta taga ta ɗaga min babban yatsa.

Ban ɗauko Bukar ba. Na kafa masa sharaɗi biyu: a rushe bangon nan a sake shi da rodin kirki, kuma a kawo min takwarata Yola kafin ta yi baki, ta fara jin Kanuri da Hausa da Fulatancin Adda Dija. Ya ce ya ɗauka. Ba zan ce muku hankalina ya kwanta ba, bai kwanta ba. Ranar nan ma na tsaya gaban wani bene da ake ginawa a unguwar Karewa ina tambayar magini kaurin rodinsa, ya dube ni kamar na zautu.

Amak kuwa ta sa Rahmi ta koya mata kiran waya mai hoto. Ba ta san girman Najeriya ba, ba ta ma san iyakarta ba. Duk labarin tashin hankali da ta gani daga Afirka sai ta kira. Shekaranjiya ina tsakar gida ina soya icen turare sai ga ta, fuskarta ta cika wayar, hankali a tashe. Wani abu ta gani a talabijin, da Bukar ya karɓa ya duba ashe a Sudan ne.

Ta ce, "Falmata, lafiya?" Ita ke nan Hausarta.

Na ce, "Lafiya lau, Amak."

Ba ta kashe ba. Ta jingina wayar a jikin wani abu, ta koma tsintar shinkafarta, ni ma na jingina tawa a jikin turmi na koma kan kaskona. Can a bayanta ina hango takwarata ta kama ƙafar kujera tana ƙoƙarin miƙewa, ta faɗi, ta sake kamawa. Haka muka zauna har sukarin turaren ya fara kamawa na tashi sauke shi.